Awon Soron Malam Ilu

Daga zangon Kumasi na taso
da akwati ɗaya da tef ɗin awo,
da Hausar da ke ba 'yan adaidaita dariya
don nakan ce wa mace "ya zo".
Kakan kakana, in ji Inna,
ta Ƙofar Kabuga ya kora jakuna,
ya bi goro har Gwanja, bai waiwayo ba.
Ni ce ragowar cinikin nan,
na dawo in koyi zanen gini.

A aji biyu malami ya ce:
kowa ya shiga birni, ya sami tsohon gini,
ya auna, ya zana, ya kawo ran Litinin.
Na ɓata sau uku a lungunan Madabo
kafin mai ƙosai ta nuna min da tsinke:
"Ga soron Malam Ilu can, yi sallama da ƙarfi,
kunnensa ya riga shi tsufa."

Na ja tef daga kusurwa zuwa kusurwa,
na sake ja, lissafi ya ƙi.
Gindin bango kamu huɗu,
samansa ko biyu bai cika ba.
Na ce, "Baba, bangon nan a karkace yake."
Ya tofar da tukar goro, ya ce,
"'Yar Gwanja, kin taɓa ganin kuka
ta tsaya kamar rular hannunki?
Ƙasa ta yi ƙiba, sama ta rame,
haka mai niyyar daɗewa ke tsayuwa."

Ya ɗaga sanda ya ƙirga min azara,
ya nuna inda ɗaurin guga ya haɗu
kamar yatsun mai roƙon ruwa.
Can kusa da zanko akwai sawun tafi
a cikin makuba, yatsa ɗaya guntu.
"Na babana ne. Gatari ya ci rabon sa."
Da dare kwamfuta ta tambaye ni tsawo da faɗi,
ba ta da gurbin guntun yatsa.

"Ginin ƙasa dabba ne," ya ce wata Laraba,
"kowace bazara sai ka ba shi ci.
Ka yi masa rowar yaɓe shekara biyu,
damina ta yanka ba da bisimilla ba."
'Ya'yansa na sayar da waya a kasuwa.
Wani alhaji ya zo sau biyu da mota,
yana auna ƙofar gidan da ido,
yana ganin shaguna goma sha biyu.

Hamsin da takwas na ci.
Da jan biro aka rubuta a gefe:
layukanki ba su miƙe ba.

Na tafi hutu, na dawo a Agusta.
Bangon gabas ya durƙusa cikin kwata,
tubali sun fito kamar haƙoran tsoho,
an jibge bulo ɗari uku a bakin zaure.
Malam Ilu na kan buzu, ya ce,
"Ina takardar nan? Kawo in ga gidana."
Ya kai ta kusa da hanci, ya daɗe,
yana bin layi da farcen babban yatsa.
Na jira yabo, ko hawaye.
Ya ce, "Kin manta indararo.
Ta ina ruwa zai fita?"

Na durƙusa, na ƙara shi da fensir.
Sai ya tura min kwarya da ƙafa,
ƙasa ce kwaɓaɓɓiya, tana warin kududdufi.
"Tuɓe agogon. Akwai sauran bangon yamma."
Mai ƙosai ta leƙo tana tambaya wa ya zo.
Na buɗe baki, ya riga ni:
"Ba baƙuwa ba ce. Ta zo."